Robar nono mai kaushi da cutar limfoma: ina gaskiyar maganar take?

Maganar nan ta cewa robar da ake sa wa mata a nono tana kawo ciwon kansa ta daɗe tana yawo a wayoyinmu, yau a ji ta cikin saƙon murya a WhatsApp, gobe a gan ta a Facebook an liƙa mata hoton da ba wanda ya san daga ina ya fito, kuma kullum mutane gida biyu suke rabuwa a kanta. Wasu su ce ai dama, duk wadda ta sa abin nan tata ta ƙare. Wasu kuma su ce ƙarya ce kawai ta masu baƙin ciki. To duka biyun ba su faɗi daidai ba. Cutar akwai ta, likitocin duniya sun tabbatar da ita har sun sa mata suna, amma ba kowace irin roba ce ke da hannu a ciki ba, kuma cutar ba ta da yawa, kuma in an gano ta da wuri galibi tiyata kaɗai ke raba mace da ita. Wannan "in an gano da wuri" ɗin shi ne abin da ya fi damuna, don a wurinmu nan arewacin Kamaru, Garwa ko Marwa ko Ngaundere, a nan ne gizo ke saƙar.

Kar wani ya ce wannan ciwon Turawa ne bai shafe mu ba. Muna da iyaye da yayye da sankarar mama ta kama, aka haɗa kuɗi aka fita da su Tunisiya ko Indiya ko Masar ko Faransa, aka cire nonon, likita ya ce za a iya gyara wurin da roba don mace ta samu natsuwa da jikinta, aka yi. Muna kuma da waɗanda suka je don gyaran jiki kawai, Tunis ko Istambul, suka dawo ba su gaya wa kowa ba sai wata aminiya ɗaya. Maganar halasci ko rashinsa ta malamai ce, ba ita na zo yi ba. Ni dai abin da na sani shi ne robar tana jikin 'yan uwanmu yanzu haka, wasu shekara 8 wasu 12, kuma daidai shekarun ke nan da cutar ta fi bayyana.

Abu na farko da ya kamata a gane, wannan ba sankarar mama ba ce wadda ake ta wayar da kai a kanta duk watan Oktoba. Waccan daga naman nonon kansa take tasowa, daga hanyoyin da ruwan nono ke bi. Wannan kuwa limfoma ce, wato kansar ƙwayoyin garkuwar jiki, fararen ƙwayoyin nan da ke yaƙi da cuta, waɗanda in sun taru suna aiki sai ki ji kaluluwa ta fito miki a hammata ko a matsematsi. Limfoma iri-iri ce. Akwai ta Burkitt wadda ma'aikatan asibitocinmu suka sani sosai, mai kumbura wa yara muƙamuƙi ko ciki, ita ma daban ce da wannan. Tamu ta yau daga ƙwayoyin da ake kira T take fitowa, a takardun Ingilishi za ki ga an rubuta BIA-ALCL, a na Faransanci kuma LAGC-AIM, ki riƙe wannan na biyun don shi likitanmu na nan zai fi saurin ganewa.

To a ina take zama in ba a naman nono ba? Duk baƙon abin da aka sa a jikin mutum, jiki ba ya barinsa haka nan, sai ya saƙa masa wani tantani na tabo ya kewaye shi gaba ɗaya. Kowace mace mai roba tana da wannan tantanin, ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi jiki. Cutar tana farawa ne a tsakanin robar da tantanin, cikin ruwan da ke taruwa a wurin, in an bar ta sai ta kama tantanin, ta zama ƙullutu, ta huda shi ta fita zuwa kaluluwar hammata da bangon ƙirji.

Yanzu ita robar. Yawancin mutane in ana gardama hankalinsu yana kan abin da ke cikinta, silikon ne ko ruwan gishiri, kuma ba laifinsu ba ne don shekara da shekaru a kan silikon ɗin ake rigima. Tun 1962 da likitoci biyu, Cronin da Gerow, suka fara sa wa mace robar silikon a Houston ta Amurka ake wannan ja-in-ja, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta dakatar da ita a 1992 ba ta sake buɗe ƙofa sosai ba sai 2006. Amma a wannan cutar abin da ke ciki ba shi ne zancen ba, an same ta a masu silikon an same ta a masu ruwan gishiri. Zancen yana kan fatar jakar ta waje. Akwai mai santsi sumul, akwai mai kaushi, kuma kusan duk matan da cutar ta kama mai kaushin ce a jikinsu. 'Yan kaɗan da aka samu da mai santsi a lokacin ciwon, in aka bi baya mafi yawansu sai a tarar sun taɓa ɗaukar mai kaushi kafin a canza musu, ko kuma takardun aikin farko sun ɓata.

Me ya sa ma aka ƙirƙiro mai kaushin tun farko? Ba don mugunta ba. Babbar matsalar roba tun da can ita ce wannan tantanin wani lokaci yakan takure ya yi tauri ya matse robar, nono ya koma kamar dutse ya karkace yana ciwo, sai aka ga kamar in fatar tana da kaushi hakan yana raguwa. Sannan akwai robar da aka yi wa siffar nono na asali, sama siriri ƙasa cike, wadda in ta juya a ciki sai siffar ta lalace, to kaushin shi ke sa nama ya kama ta ya riƙe ta wuri ɗaya. Shi ya sa likitocin da ke gyara wa waɗanda aka cire wa nono suka so ta ƙwarai. Kuma kaushin ma hawa-hawa ne. Ƙa'idar duniya ta 2018 ta raba shi da awo, ƙasa da maikiron 10 mai santsi ce, daga 10 zuwa 50 ƙaramin kaushi, sama da 50 babban kaushi, maikiron 1000 ne ke yin milimita 1. Kamfanin Allergan da samfurinsa Biocell suna danna jakar ne cikin ƙwayoyin gishiri tun silikon bai bushe ba, daga baya a wanke gishirin ya bar ramuka masu zurfi. Kamfanin Mentor kuma nasu Siltex tambari kawai suke buga wa fatar, kaushin bai kai wancan ba. Akwai kuma wadda ake lulluɓewa da kumfar foliyuretan, irin ta kamfanin Silimed na Burazil. Wannan bambancin da ido ma da ƙyar yake gani shi ne ya zo ya zama bambancin haɗari mai girma.

A 1997 ne wasu likitoci biyu a Amurka, Keech da Creech, suka fara ba da rahoton mace guda da ta samu wannan limfomar a jikin robarta, kuma robar mai kaushi ce ta ruwan gishiri. Mutum ɗaya ba ya zama hujja, aka wuce. A 2008 masu bincike a Holan suka tattara matan ƙasarsu da aka samu da irin wannan limfomar a nono, su 11 ne, sai ga 5 a cikinsu suna da roba, wanda ya yi yawa ƙwarai a ce dace ne kawai. A Janairun 2011 FDA ta fito ta ce akwai yiwuwar alaƙa, lokacin wajen mutum 60 aka sani a duk duniya cikin mata miliyan 5 zuwa 10 masu roba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin jerin cututtukan jini a matsayin cuta mai zaman kanta. Daga nan abubuwa suka yi sauri. A Disamban 2018 Biocell ta rasa tambarin CE da ke ba ta damar shiga kasuwar Turai. A Afrilun 2019 hukumar magunguna ta Faransa, ANSM, ta haramta masu babban kaushi da masu foliyuretan, bayan an kawo mata rahoton mata 59 tun daga 2011. Kanada ta bi a watan Mayu. Sai ran 24 ga Yulin 2019 FDA ta nemi Allergan ta janye Biocell, kamfanin ya janye ta daga duk duniya, kuma alƙaluman da aka bayar ranar su ne mutum 573 sun kamu, 33 sun rasu, kuma 481 daga cikin 573 ɗin robar Allergan ce a jikinsu. Zuwa tsakiyar 2023 lissafin FDA ya kai mutum 1,264 da rasuwa 63.

Ki duba fa, daga 1997 zuwa 2019 shekara 22 ke nan. A ganina an yi jinkiri, musamman daga 2011 zuwa gaba da alamu suka riga suka nuna inda matsalar take, aka ci gaba da sa wa mata dubbai ba tare da an zaunar da su an yi musu bayani ba.

To yaya girman haɗarin yake? A nan ne za ki ji lambobi suna ta karo da juna, wani ya ce 1 cikin 300 wani ya ce 1 cikin 80,000, sai ki ɗauka wani ƙarya yake, alhali kowa da abin da ya auna. Binciken Holan na 2018 ya duba duk mata masu roba ba tare da ware iri ba, ya ce zuwa shekara 50 ta haihuwa mace 1 cikin 35,000 ce, zuwa 70 mace 1 cikin 12,000, zuwa 75 kuma 1 cikin 7,000. Masu binciken Ostireliya da New Zealand su kuma suka ware iri-iri, a rahotonsu na 2019 foliyuretan ta Silimed 1 cikin 2,832, Biocell 1 cikin 3,345, Siltex kuwa 1 cikin 86,029. Kin ga tazarar da ke tsakanin Biocell da Siltex ta haura ninki 20, kuma dukkansu sunansu "mai kaushi". Lambar da ta fi tayar da hankali ta fito ne daga asibitin kansa na Memorial Sloan Kettering da ke New York, inda likita Peter Cordeiro ya bi marasa lafiyarsa 3,546 da ya yi wa gyaran nono da mai kaushi, kusan duka Biocell, shekara da shekaru yana duba su, 10 suka kamu, wato 1 cikin 355. Abin da ya sa tasa ta fi ta kowa shi ne bai bar matan sun ɓace masa ba, ya daɗe yana bin su, kuma ya san abin da yake nema. Ni wannan nake ɗauka da muhimmanci, don yana nuna inda ba a nema ba za a gani ba, kuma lamba ƙarama wani lokaci rashin bibiya ce kawai.

Duk da haka a ajiye abin a mizaninsa. Sankarar mama ta yau da kullum a Amurka mace 1 cikin 8 take kamawa a tsawon rayuwa. Ko da an ɗauki lambar Cordeiro, cikin mata 355 masu irin robar da ta fi kowace haɗari 354 ba su samu cutar ba a tsawon bibiyar.

Ta yaya kaushin fata zai zama kansa? Masana ba su tsaya a kan dalili ɗaya ba, amma duk bayanansu a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato garkuwar jiki da aka hana hutu shekara da shekaru. Bayani na farko na ƙwayoyin bakteriya ne. Fata mai ramuka kamar soson wanka take, duk yadda aka ɗauraye shi akwai lungun da datti ke maƙalewa, to haka ƙwayoyin cuta ke samun mafaka a ramukan tun ranar aiki, su yi shimfiɗa mai yauƙi da magani ba ya ratsawa, ba sa sa zazzaɓi ba sa sa ruwan ƙurji, amma kullum suna tsokanar ƙwayoyin T, su kuma suna ta hayayyafa don su yi yaƙi, har wata rana ɗaya daga cikinsu ta samu tangarɗa ta ƙi tsayawa. Masu binciken jami'ar Macquarie ta Sidni su suka fi tsayawa a kan wannan. Bayani na biyu shi ne gogayya, fatar mai kaushi tana ta gurzar tantanin duk motsin da mace ta yi, ƙananan ɓarɓashin silikon suna zubowa, jiki yana ta fama da su. Na uku kuma halittar ita macen ce, don an samu sauye-sauye a ƙwayoyin gado da ake kira JAK1 da STAT3 a cikin ƙwayoyin cutar, shi ya sa dubban mata ke ɗauke da roba iri ɗaya amma ɗaya ce za ta kamu. Mai yiwuwa ukun ne suke haɗuwa, a kan lokaci mai tsawo, don galibi sai robar ta yi shekara 8 zuwa 10 a jiki.

Ga inda abin ya taɓa mu kai tsaye. A Amurka mafi yawan robar da ake sawa mai santsi ce, mai kaushi wajen kashi 10 cikin 100 ce kawai lokacin da aka yi janyewar. A Faransa kuwa kafin haramcin 2019 akasin haka ne, wajen kashi 85 cikin 100 mai kaushi ce. Mu kuma hanyarmu ta neman magani ta ina take bi? Ta Faransa, da ƙasashen da likitocinsu suka yi karatu a tsarin Faransa da Turai suke kuma sayen kaya daga can. Don haka Hajiyar da aka yi wa aiki kafin 2019 ta wannan hanyar, kar ta ɗauka tata mai santsi ce har sai ta ga takarda. Kuma ko da robar ƙarshe mai santsi ce, waɗanda aka cire wa nono sau da yawa ana fara sa musu wata jaka ta wucin gadi da ake cika ta da ruwa kaɗan-kaɗan don ta buɗa fata, ita ma akwai mai kaushi, kuma tana cikin kayan da Allergan ta janye.

Kowace roba tana zuwa da ɗan kati mai sunan kamfani da samfuri da lambarta, haƙƙin mara lafiya ne a ba ta shi. Amma mu mun san yadda tafiyar magani take, ana sallama hankali yana kan kuɗin otel da tikitin jirgi da biza mai ƙarewa, takardu a cusa a jaka, wanda ya yi rakiya shi ya riƙe su, bayan shekara 5 a neme su a rasa. Wasu ma ta hannun dillalan da ke haɗa tafiya a intanet suka je, sunan likitan ma ba su riƙe ba. Wanda ya tuna badaƙalar kamfanin PIP na Faransa a 2010, da aka kama yana cika roba da silikon na masana'antu ya sayar wa ƙasashe da dama, ya san amfanin katin nan, don waɗanda suka san abin da ke jikinsu su aka fara kira. In katin ya ɓata a rubuta wa asibitin da ya yi aikin a nemi rahoton tiyata, lambar robar tana ciki, kuma a yi shi yanzu da lafiya, ba sai ciwo ya zo ana neman lambar wayar Tunis da tsakar dare ba.

Alamar da ta fi yawa ita ce kumburi. Mace tana zaune lafiya da robarta shekara da shekaru, sai cikin 'yan kwanaki ko makonni nono ɗaya ya cika ya fi ɗan uwansa girma, ya yi nauyi, wani lokaci da ciwo wani lokaci babu. Ruwa ne ya taru a kewayen robar. Kumburin makonnin farko bayan aiki daban ne, wannan na warkewa ne, wanda ake magana shi ne mai zuwa bayan an haura shekara 1. Wasu kuma ƙullutu suke ji a nono ko a hammata, ko nonon ya yi tauri ya canza siffa, ko fata ta yi ja ta yi ƙuraje. Kuma a sani, mafi yawan irin wannan ruwan ba kansa ba ne, yana iya zama buguwa ko ƙwayar cuta ko robar ce ta fashe. Amma ba a ganewa da ido, ba a ganewa da taɓawa.

To a nan nake so Adda da Goggo da duk ma'aikacin lafiyar da ke karanta wannan su tsaya da kyau, don kuskuren da ya fi sauƙin faruwa a wurinmu ke nan. Mace ta zo da kumburi, a yi mata ekografi, wato hoton sikanin, a ga ruwa, a sa allura a zuƙe a zubar, a rubuta mata ordonans na maganin ƙwayoyin cuta ta wuce farmasi, kumburi ya sauka kowa ya yi hamdala. Bayan wata biyu ya dawo a sake zuƙewa. Wallahi wannan ruwan da ake zubarwa shi ne shaidar gaba ɗaya, ƙwayoyin cutar a cikinsa suke iyo, kuma zuƙar farko ita ta fi yawan ƙwayoyi, in aka yi ta maimaitawa ruwan yana tsinkewa har gwaji ya zo ya ce babu komai alhali akwai. Abin da ƙa'idar likitocin kansa ta ce shi ne a zuƙo ruwan ana kallo da ekografi don kar a huda robar, a samu aƙalla mililita 50, a aika labo a duba ƙwayoyin, kuma a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ana neman gwajin CD30. Ƙwayoyin wannan cutar manya ne, suna ɗauke da alamar CD30, ba su da alamar ALK, da haka ake tantance ta. In ba a rubuta ba mai labo zai duba ƙwayoyin cuta ne kawai ya ce ruwa lafiya lau. Gwaji ne na ƙwararru, ba kowane labo ke yinsa ba, sai likita ya tambaya tun kafin ya sa allura ina za a kai kuma yaya za a adana ruwan a hanya, ko Yawunde ko Duwala ko waje. Centre Pasteur da ke da reshe a nan Garwa yana cikin wuraren da za a fara tambaya. Hoton mamografi da aka saba yi don sankarar mama ba shi ne ke kama wannan ba.

Akwai kuma tamu matsalar ta kunya. Likita ba zai yi tunanin wannan cutar ba in bai san akwai roba ba, kuma mace da ta ɓoye wa mijinta ko uwar mijinta ko kishiya ba lallai ta faɗa a gaban wanda ya rako ta ba. Sai ta fara da shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, a ce iska ce ko sammu, wata shida ya wuce. 'Yar uwa, ki nemi a bar ki ke da likita ko da malamar asibiti ku biyu, ki faɗa. Su kuma ma'aikata don Allah a riƙe amana a bar wa'azi a lokacin, wadda aka kunyata sau ɗaya ba ta dawowa.

Maganin kuwa, in cutar ba ta wuce ruwa da tantani ba, tiyata ce, a cire robar tare da tantanin gaba ɗayansa har da duk wani ƙullutu da ke jikinsa, ba a bar ko ɓalli ba. Ba a bukatar yanke nonon tunda ba a namansa cutar take ba. Likita Mark Clemens na cibiyar MD Anderson da abokan aikinsa sun duba mata 87 a 2016, suka ga waɗanda aka cire wa komai tsaf sun fi tsira kuma cutar ba ta cika dawo musu ba, kan waɗanda aka yi wa rabin aiki ko aka ba kimiyo kawai, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, kuma a jimlace kashi 89 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. In ta riga ta fita zuwa kaluluwa ko ƙirji sai a haɗa da kimiyo, akwai kuma wani magani brentuximab vedotin da ke bin alamar CD30 ɗin nan ya kashe ƙwayar, wani lokaci a ƙara da gashin radiyoterapi. Waɗanda suka rasu galibi waɗanda aka daɗe ba a gane ba ne ko aka yi musu aikin da bai cika ba. Bayan aiki ana ci gaba da duba mace duk wata 3 zuwa 6 har shekara 2.

Tambayar da kowa ke yi, wadda take da mai kaushi kuma lafiyarta ƙalau ta je a cire? FDA da ANSM duka ba su ba da shawarar cirewa ga wadda ba ta da wata alama ba, ko da Biocell ce, saboda ita ma tiyatar tana da nata haɗarin, ga banju ga zubar jini, ga shi ɓanɓare tantani daga jikin haƙarƙari ba ƙaramin aiki ba ne, musamman ga wadda aka riga aka cire wa nono fatar wurin ta yi siriri. Na yarda da wannan, kuma a wurinmu ma ya fi ƙarfi, don tsoro zai iya tura mace ta sayar da fili ko zinarinta ta faɗa hannun wanda bai ƙware ba. Amma wadda hankalinta ya kasa kwanciya tana da damar ta zauna da ƙwararren likita su auna tare, ba a ce mata ta yi shiru kawai ba. Dama can roba ba ta har abada ba ce, tana tsufa tana iya fashewa, shi ya sa FDA ta ce mai silikon ta yi ekografi ko IRM, wato hoton MRI, bayan shekara 5 zuwa 6 sannan duk shekara 2 zuwa 3, kuma ranar da canji ya kama sai a yi maganar komawa mai santsi.

Wadda kuma yanzu take shirin tafiya, ta sani cewa janye Biocell bai kawar da duk masu kaushi daga kasuwa ba, masu ƙaramin kaushi suna nan ana sa su a ƙasashe da yawa. Tun Oktoban 2021 a Amurka dole ne takardar bayanin roba ta ɗauki gargaɗi a cikin baƙin akwati, kuma likita ya bi wata takarda da mara lafiya layi-layi su sa hannu tare kafin aiki, sannan a Satumban 2022 FDA ta ƙara sanar da cewa an samu wasu 'yan tsirarun mata da wata kansar daban mai kama da ta fata a cikin wannan tantanin, ita har da masu roba mai santsi. Dillalin da ke turo miki farashi da hoton otel a WhatsApp ba zai gaya miki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don haka tun kafin ki biya ko sefa ɗaya ki sa a rubuto miki sunan kamfanin robar da samfurinta da irin fatarta, da sunan likitan da zai yi aikin, da wanda zai duba ki in kin dawo gida. In kuma gyara ne bayan sankara, ki tambaya ko za a iya yi da naman jikinki na ciki ko na baya, don ana yin hakan ba tare da roba ba sam, sai dai aikin ya fi tsawo kuma jinyarsa ta fi daɗewa.